Yadda Ake Khichu, Turararren Garin Shinkafar Mutanen Gujarat

Khichu abincin marmari ne na mutanen Gujarat, jihar da ke yammacin Indiya a bakin Tekun Larabawa. Garin shinkafa ake tuƙawa a cikin ruwan da aka tafasa da kayan ƙamshi, a turara shi, a ci da zafinsa da man gyaɗa da yaji. Ba nama, ba miya, ba suya. Kuɗin kayansa bai taka kara ya karya ba, kuma in dai garin yana ƙasa, aikin ba zai ɗauke ki fiye da minti 40 ba.

Asalinsa ƙullun papad ne, wato siraran faya-fayen nan da Indiyawa ke busarwa a rana su ajiye, su riƙa gasawa ko soyawa a ci tare da abinci. Matan Gujarat kan taru su yi na shekara guda a lokacin da rana ke da ƙarfi, su shanya a saman soro. Kafin a murza ƙullun sai an turara shi, to daga wannan turararren ƙullun ake gutsura wa yara da masu aiki, a zuba musu mai da barkono. Shi ya sa har yau a gidaje da yawa ake kiransa papdi no lot, ƙullun papad ke nan. A hankali ya tashi daga ɗanɗanon ranar aiki ya zama abinci mai zaman kansa. Yanzu ana sayar da shi a kan titunan Ahmadabad da Surat, ana kuma cin kasuwarsa sosai a dararen bikin Navratri, wanda ke faɗowa a Satumba ko Oktoba, lokacin da jama'a ke kwana tara suna rawar garba, su fito da yunwa a tsakar dare.

Wanda ya saba cin ɗanwake da mai da yaji ba zai ji baƙunta ba, domin tsarin ɗaya ne: gari, ɗan abu mai kanwa-kanwa da ke ba shi santsi, sai mai da yaji su ƙarasa zance.

Kayan da za ki tanada

Wannan ma'aunin na mutum biyu ne, ko uku in ɗanɗano kawai za a yi:

Garin shinkafa kofi 1
Ruwa kofi 3
Ƙwayar kumin ƙaramin cokali 1
Ƙwayar ajwain rabin ƙaramin cokali
Riɗi ƙaramin cokali 2
Ɗanyen barkono kore guda 2
Ɗanyar citta kamar gaɓar yatsa
Gishiri ƙaramin cokali 1, ba a cika ba
Bekin soda kwatan ƙaramin cokali
Man gyaɗa mai kyau

Ko da me kika auna garin, da shi za ki auna ruwan. In gwangwanin madara ne, gwangwani ɗaya na gari, uku na ruwa, sai ki ɗan rage kayan ƙamshin tunda gwangwani bai kai kofi ba.

Kumin shi ne wanda Larabawa ke kira kamun, Indiyawa kuma jira, ana samunsa wajen masu kayan ƙamshi. Kada a ba ki habbatus sauda a madadinsa, ba abu ɗaya ba ne. Ajwain ya fi wuyar samu, sai dai a shagunan da ke kawo kayan Indiya. In bai samu ba, ki sa busasshen tayim ɗan kaɗan, domin sinadarin da ke ba su ƙamshi iri ɗaya ne. Citta kuwa ba dole ba ce. Mabiya addinin Jain, waɗanda suke da yawa a Gujarat, ba sa cin abin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa, don haka nasu khichun ba ya ganin ɗanyar citta, kuma yana yin daɗi.

Batun soda yana son ɗan bayani. Abin da mutanen Gujarat ke sawa shi ne papad khar, wani farin gishiri mai kaifi irin na kanwa. Shi ke sa ƙullun ya yi laushi da danƙo, ya ɗauki launin ruwan ɗorawa mai haske, ya kuma ba shi wannan ɗan ɗanɗanon da ake gane khichu da shi. Bekin soda na yin aikinsa, kuma su ma can da yawa da ita suke amfani. Ki lura, soda na ce, ba bekin foda na kek ba. In kanwa ce a hannunki, ki jiƙa 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar wake a ruwa kaɗan, ki bari ta kwanta, ki tsiyaye ruwan saman. Ƙarfin kanwa ya bambanta daga wannan zuwa waccan, saboda haka ki fara da babban cokali ɗaya na ruwan, gara ta yi kaɗan da ta yi yawa.

Garin

Farar shinkafar tuwo ake so, ba wadda aka turara kafin a casa ta ba. Ita turararriyar garinta ba ya haɗe jikinsa yadda ake buƙata. Ki wanke shinkafar, ki jiƙa ta kamar awa ɗaya, ki tsane, ki baza a faranti ko tsaftataccen zane har ta bushe sarai. Sai a kai inji. Ki roƙi mai niƙa ya share injin, don in ya biyo bayan masara ko barkono, za ki ji shi a baki. Ki tankaɗe da rariya mai laushi, tsakin ki ajiye don wani aikin. Garin shinkafa na leda da ake sayarwa ma yana yi, amma ki shinshina tukuna. Garin da ya kwana biyu yana da wani wari na tsufa wanda babu kayan ƙamshin da ke rufe shi.

Ki tankaɗe garin ki ajiye shi kusa da murhu tun kafin ki kunna wuta. In lokacin zuba shi ya zo, ba za ki sami sararin nemansa ba.

Mataki na farko: ruwan ƙamshi

Ki daka barkono da citta su yi laushi. Ki zuba ruwa kofi 3 a tukunya mai kaurin gindi, wadda ruwan bai wuce rabinta ba. Ki murza kumin da ajwain tsakanin tafukanki kafin ki zuba, don su fashe su saki ƙamshi. Ki sa riɗi, dakakken barkono da citta, da gishiri, ki ɗora.

In ya tafasa, kada ki yi gaggawa. Ki bar shi ya yi ta tafasa minti 4 zuwa 5 a buɗe. Duk ɗanɗanon da khichu zai samu daga cikin wannan ruwan zai fito, don da zarar gari ya shiga, ƙofa ta rufe: gishirin da kika barbaɗa daga baya ba zai ratsa ba. Don haka ki ɗiba a cokali ki ɗanɗana. Ya kamata gishirin ya ɗan fito fiye da yadda kike so a miya, yajin ma ya ɗan taɓa maƙogwaro, saboda garin zai shanye kusan rabin ƙarfinsu. Ruwan zai ragu zuwa kamar kofi biyu da rabi, haka ake so.

Sai ki rage wuta, ki sa soda. Nan take ruwan zai yi kumfa ya taso kamar zai yi bori, shi ne dalilin babbar tukunya. Launinsa zai juya zuwa ɗorawa-ɗorawa mai ɗan kore. Ki zuba man gyaɗa ƙaramin cokali ɗaya, yana taimakawa wajen hana gudaji.

Mataki na biyu: tuƙi

A nan hannu ke nuna kansa. Matan Gujarat da siririn katakon murza burodinsu suke tuƙawa, wanda suke kira velan, don siririn abu ya fi yanka gari da sauri. Ƙaramar muciya ko ƙotar ludayin katako za ta yi miki wannan aikin.

Wuta ta yi ƙasa sosai. Ki riƙe muciya a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana zuba gari kaɗan-kaɗan ba tsayawa, kina juyawa da sauri ta ɓangare guda. In akwai wanda zai riƙe miki tukunya ko ya zuba garin, ya fi. Cikin ƙasa da minti ɗaya garin zai shanye ruwan kaf ya dunƙule. Kada ki tsorata in kin ga ya yi kamar ruwan bai isa ba. Ki ci gaba da tuƙi, kina danna ƙullun a jikin tukunya kina murƙushe duk wani farin gari da kika hango, har minti 2 ko 3.

Wadda hannunta bai saba ba tana iya bi ta hanyar talge: ta ɗebi babban cokali 2 daga cikin garin ta dama da ruwan sanyi kaɗan, ta zuba a ruwan ƙamshin ta juya har ya ɗan yi kauri, sannan ta zuba sauran garin. Ba haka ake yi a Gujarat ba, amma gudaji ba ya samun wurin zama, kuma ɗanɗanon bai canzawa. Ni dai ban ga laifin hakan ba.

In ya haɗe, ki rufe tukunya ki bar shi ya sulala minti 2 zuwa 3 a kan wuta mafi ƙanƙanta, sannan ki sauke.

A wannan gaɓar ƙullun zai yi kama da abin da ya dahu. Bai dahu ba. Ki gutsura ki ɗanɗana, za ki ji gari-gari a harshe, yana kuma manne wa haƙori. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su zuba mai su ci, daga baya su ce khichu bai burge su ba, ko ya zauna musu a ciki. Abin da suka ci rabin khichu ne. Turarawar da ke tafe ita ce ke mayar da shi abin da ake layi a kansa.

Mataki na uku: murzawa da malmalawa

Tun kina tuƙi ya kamata a ce ruwan turarawa yana kan wuta. Madambaci ya fi, in babu, ki zuba ruwa a tukunya ki ɗora kwalanda ta ƙarfe ko farantin da ke da huji a kai, yadda ruwan ba zai taɓa gindinta ba. Ki shafe ta da mai.

Ki juye ƙullun a babban faranti da aka shafa wa mai. Yana da zafi ƙwarai, kada ki sa hannu kai tsaye. Ki shafa mai a gindin ƙaramin kwano ko kofin silba, ki riƙa danna ƙullun da shi kina jan shi, ki tattaro ki sake dannawa. Wannan ke murƙushe ragowar gudajin da muciya ta bari. Bayan minti biyu zai huce daidai taɓawa, sai ki shafa mai a hannu ki murza shi har ya yi sumul. Kada ki jira ya huce gaba ɗaya, in ya yi sanyi tsattsagewa yake yi.

Ki raba shi gida 6 ko 8. Kowane ki mulmula, ki ɗan danna shi ya yi faɗi, kaurinsa kamar yatsa, sannan ki huda tsakiyarsa da babban yatsa. Wannan hujin ba ado ba ne. Ta nan tururi ke ratsawa ya dafa cikin, kuma daga baya nan ne mai zai kwanta. In kika yi su dunƙule-dunƙule ba huji, bayan zai dahu ya bar tsakiya ɗanye.

Mataki na huɗu: turarawa

Sai ruwan ya tafasa tururi na tashi sosai sannan ki jera su, ki bar 'yar tazara a tsakani. Ki naɗe murfin da tsaftataccen ƙyalle ki ɗaure a sama, don gumin da ke taruwa a murfi kada ya riƙa ɗiga a kansu ya sa su caɓe. Ki rufe ruf. In tururi na tserewa ta gefen kwalanda, ki toshe da jiƙaƙƙen tsumma, kamar dai yadda ake yi wa madambaci.

Ki ba shi minti 12 zuwa 15 a matsakaiciyar wuta. Kada ki yi ta buɗewa kina leƙe, kowace buɗewa tana zubar da zafin da ya taru.

Agogo jagora ne kawai, ido da baki ne alƙalai. Khichun da ya dahu yana sheƙi, farin ya bar jikinsa, launin ya ƙara zurfi, har ya yi kamar haske na ɗan ratsa gefensa. In kika jiƙa yatsa kika taɓa, ba zai manne ba, zai ɗan lotsa ya dawo. Ki yanka ɗaya biyu: cikin da bayan su zama launi ɗaya, ba farin ɗigo a tsakiya. A baki kuma ya yi laushi da ɗan danƙo, ba gari-gari. In ɗaya daga cikin waɗannan bai cika ba, ki mayar ki ƙara minti 4 ko 5. Ƙarin turarawa ba ya ɓata shi, ragi ne ke ɓatawa.

Akwai gajeriyar hanya da wasu gidajen ke bi: ba sa malmalawa, sai su yayyafa wa ƙullun ruwa kaɗan a cikin tukunyarsa, su rufe, su ɗora tukunyar a kan kaskon ƙarfe mai faɗi da ke kan wuta, ya sulala minti 10 zuwa 12. Kaskon ke kare gindin daga kamawa. Wannan yana ba da khichu mai laushi da ake ɗiba da cokali, irin wanda masu sayarwa a titi ke kwasowa daga babbar tukunya. Yana yi, amma ga mai koyo na fi son tururi, domin babu fargabar ƙauri.

Mai da yaji

Gujarat ce kan gaba wajen noman gyaɗa a duk Indiya, musamman yankin Saurashtra, kuma man gyaɗa ne man girkinsu. Shi ake kwarara wa khichu ɗanye, ba a soya shi ba. Saboda haka ki nemi man da ke ƙamshin gyaɗa, irin na matan da ke yin ƙuli-ƙuli, sabo. Man leda ko na jarka da aka tace har ƙamshinsa ya gudu ba zai ba ki komai ba sai maiƙo. In ɗanyen mai bai karɓe ki ba, ki ɗan ɗumama shi, amma kada ya yi hayaƙi, kada kuma ki sa albasa. Man riɗi ma ana amfani da shi. Kuma kada a yi rowa: babban cokali ɗaya ga kowane mutum shi ne mafi ƙaranci.

Yajin da aka fi ci da shi shi ne methi masala, wanda suke haɗa tsamin mangwaro da shi. Ginshiƙinsa hulba ce. Ga yadda za ki yi na gida: ki ɗauki hulba babban cokali 1, ki ɗan gasa a busasshen kasko a wuta kaɗan, minti ɗaya ko biyu, har ƙamshi ya tashi. Ki tsaya a kanta, don da ta yi duhu ta zama ɗaci zalla, sai zubarwa. Ki daka ta sama-sama, barzajjiya ake so, ba gari ba. In kina da ƙwayar mastad ki daka ƙaramin cokali 1 ki haɗa. Ki ɗumama mai babban cokali 1 ki zuba a kai, ki bari ya huce sarai, sannan ki zuba garin barkono marar zafi sosai babban cokali 3 da gishiri ƙaramin cokali 1. In kika sa barkonon mai na da zafi, zai ƙone ya yi baƙi. Busasshen tattasai da aka daka, da ɗan barkono mai zafi a ciki, shi ya fi kusa da irin barkonon da suke sawa, mai ja sosai da sauƙin yaji. Ki zuba a kwalba mai murfi, zai yi makonni.

In duk wannan ya yi miki nisa, garin barkono da ɗan gishiri ya wadatar, haka ma ake ci a gidaje da yawa a can.

Ki kwaso khichu daga tururi kai tsaye zuwa faranti, ki cika hujin da mai, ki barbaɗa yaji, a ci nan take. Ba abincin da ake ajiye wa wanda ya fita ba ne. Minti goma in ya yi a buɗe, ya fara tauri, daɗin ya ragu. A tara masu ci tukuna, sannan a buɗe murfi. Da shayi mai zafi yana tafiya sosai, da safe ko da la'asar.

In an sami matsala

Gudaji yakan zo ne in wuta ta yi yawa lokacin zuba gari, ko an zuba shi gaba ɗaya aka tsaya. Yawancinsa murzawa da gindin kwano na gyarawa. In ƙullun ya yi ruwa ya ƙi malmaluwa, kada ki ƙara ɗanyen gari a kai. Ki zuba shi haka nan a farantin da aka shafa wa mai, ki baza, ki yi masa 'yan ramuka da yatsa, ki turara, a ci da cokali. In kuma ya yi tauri yana tsagewa, ki yayyafa ruwan zafi cokali ɗaya-ɗaya kina murzawa. Sabuwar shinkafa ba ta shan ruwa kamar tsohuwa, garin inji ma ya bambanta da na leda, don haka kofi 3 ɗin nan mafari ne, a karo na biyu za ki san abin da naki garin ke so.

Wanda ba shi da magani shi ne yawan soda ko kanwa. Alamarsa launi ya yi duhu, ɗanɗano ya koma kamar sabulu. Shi ya sa ake auna ta da cokali, ba da ido ba.

Haka nan ake yin khichu da garin alkama, da na dawa, da na gero, duk a Gujarat. Tsarin bai canza ba, sai dai su a fara da ruwa kofi biyu da rabi, a kuma ƙara musu mintunan turarawa.

Abin da ya yi saura

Wanda ya huce, ki mayar da shi tururi minti 5, zai dawo da laushinsa. Ko ki yanka shi ƙanana, ki sa mai a kasko, ki jefa riɗi da kumin, in sun fara tsalle ki zuba yankakken khichun ki juya har gefensa ya ɗan soyu.

In kuma kina son ki kai shi inda ya fito, ki yi papad. Tun yana da ɗumi bayan turarawa, ki sake murza shi da mai, ki gutsura kamar girman goro, ki sa tsakanin leda biyu da aka shafa wa mai, ki murza da kwalba har ya yi siriri sosai, kusan kina hango ledar ƙasa. Ki ɗaga a hankali ki shimfiɗa a kan tsaftataccen zane a rana, ki juya shi in saman ya bushe. A rana mai ƙarfi kwana biyu sun isa, alamar ya yi ita ce ya ƙame ya karye ƙaras in an lanƙwasa. Lokacin hunturu ki rufe da siririn mayafi saboda ƙura. Ki adana a mazubi mai murfi inda danshi ba ya shiga, zai yi watanni. Ranar da za a ci, ki jefa a mai mai zafi, cikin 'yan daƙiƙu zai kumbura ya yi fari ya ninka girmansa, ko ki gasa a kan garwashi kina juyawa da sauri. Wanda za a yi don papad tun farko, a rage masa ruwa zuwa kofi biyu da rabi, barkonon kuma a daka shi lilis, don gutsuren barkono na huda fayan wajen murzawa.